Ciwon Sukari na Yara: Abin da Likitoci Suka Gani

Jama'ar Madarunfa, ku sani ciwon sukari mai kama yara da samari ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin cikin pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi.

Me ke tunzura ta? A Oslo, ƙasar Norwe, likitoci suka yanko guntun pankiriyas na mutum 6 da ciwon bai daɗe da kamawa ba. Rahoton shekarar 2015 ya nuna alamar ƙwayar cuta, enterobirus, cikin dukansu. Mutum 6 ba su isa yanke hukunci ba, ga shi fiɗar ta wahalar da wasu har aka tsaida ta.

Har yau allurar insulin ke riƙe ran majinyaci. Yaron da ke rama, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, a kai shi asibiti a auna jininsa.