Likita Ma Yana Zaman Jarrabawa

A kwanakin baya wata Hajiya, maƙwabciyarmu a Zangon Kumasi, ta tsai da mu a kan hanyar makaranta da ƙorafi. Ta ce, "Malam, ka ji mini yarinyar nan. Wata uku ke nan ba na jin muryarta sai ranar Juma'a, wai tana karatun jarrabawa. Ashe ba ta riga ta zama likita ba? Wace jarrabawa kuma?" Yarinyar tsohuwar ɗalibarmu ce, yanzu tana aikin asibiti a birnin New York na ƙasar Amurka. Mun ga ya dace mu kawo amsar da muka ba Hajiya a wannan fili, domin ba ita kaɗai ce mai ɗa ko 'ya a irin wannan hali ba.

Fannin da yarinyar ta zaɓa shi ne na farfaɗo da jiki bayan ciwo ko rauni. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ya yi haɗarin mota lakarsa ta taɓu, da wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga, duk sukan biyo ta hannun irin wannan likita. Kada a haɗa shi da ma'aikacin gashin ƙashi da muka saba gani a asibiti. Shi cikakken likita ne, shi ke auna abin da ya lalace da abin da ya rage, ya rubuta magani, ya tsara aikin mai gashin ƙashi da mai ƙera ƙafar roba da mai koyar da magana, har mara lafiya ya koma cin abinci da hannunsa ko ya iya zuwa masallaci.

A Amurka, bayan an gama makarantar likitanci sai a yi shekara 4 ana koyon wannan fanni a asibiti. Daga nan sai jarrabawar hukumar ƙwararru, wadda aka kafa tun 1947. Kashi biyu ce. Na farko a kwamfuta ake yinsa, tambayoyi ne masu zaɓin amsa. Wanda ya haye sai ya jira kashi na biyu, watau na baki, inda manyan likitoci za su ba shi labarin mara lafiya su ce, to, me za ka yi, kuma don me?

Abin da ake so a riƙe ba kaɗan ba ne. Jijiyoyin da ke fitowa daga laka tagwaye 31 ne, kuma sai ɗalibi ya san inda kowace ta nufa da tsokar da take motsawa. Sai ya san auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, da matakan raunin laka daga A zuwa E, da karanta gwajin da ake yi wa jijiya da lantarki. Duk wannan kuwa bayan ya wuni a tsaye a kan marasa lafiya.

Mu malaman makaranta mun daɗe da sanin cewa karatun daren jarrabawa ba ya zama a kai. Mun sha ganin yara a aji suna maimaita shafi sau biyar suna zaton sun iya, sai a rufe littafin a tambaye su, shiru. Abin da ke zama shi ne wanda aka karanta kaɗan-kaɗan, aka bar shi kwana biyu, aka koma aka tambayi kai ba tare da duba littafi ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, sunansa tilawa. Saboda haka muka shawarci ɗalibar tamu da ta riƙe sa'a ɗaya bayan asuba kullum, ta fi ƙarfafa amsa tambayoyin gwaji a kan karatun zube, ta kuma ajiye littafi guda na kurakuranta kawai. Game da ta baki kuwa, ba a shirya mata a ɗaki cikin shiru. Sai an sami abokin karatu a zauna ana yi wa juna tambaya da babbar murya, domin sau da yawa mutum ya san amsa amma harshe ya ƙi. Barci ma yana cikin shiri, ko da yake matasa ba su son jin haka.

To, saura namu na gida. Lokacin da muke idar da sallar asuba a Kumasi, a New York wajen ƙarfe ɗayan dare ne ko ma ƙasa da haka. Amma a lokacin ne wani zai buga waya yana neman a duba masa hoton takardar magani, wani kuma gudunmawar biki. Ba mu ce a yanke zumunci ba. Wata shida ne ko bakwai, a ɗaga mata ƙafa. In kuma aka faɗi a karon farko, ana sake zama, kada a mai da abin zancen gidan suna.

Muna da dalilin damuwa da wannan fanni. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa a lokacin babu wurin horar da irin waɗannan likitoci ko ɗaya a Afirka kudu da Sahara. An fara horarwa a Ghana daga baya, amma har yanzu 'yan kaɗan ne. Cibiyar ƙera gaɓoɓi ta Nsawam tana aiki tun 1961, dokar naƙasassu kuma ta fito a 2006, sai dai a zangunanmu mai shanyewar jiki yakan ƙare a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, daga mai ɗori sai mai tofi.

Hajiya ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, na ji. Amma ka gaya mata ranar Juma'ar nan kada ta kuskura ta tsallake." Mun isar da saƙon. Ta kuma ɗauki alkawarin ita za ta riƙa amsa masu neman gudunmawa har a gama jarrabawar.