Ƙiba, hawan jini da ciwon sukari: wa zai biya kuɗin maganin ma'aikaci?

A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, in aka ce wane ya yi ƙiba, yabo ne. Ana cewa jiki ya yi kyau, ko kuwa albashi ya zauna. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta sha yunwar 1973 da ta 1984, inda har yanzu tamowa ke kama yara. Amma likitoci suna da wani ma'auni dabam. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. In lissafin ya kai 30, ƙibar ta zama cuta. Misali, mai tsawon mita 1,70 da ya kai kilo 87 ya riga ya shiga wannan sahu. Abin da ke biyo baya an san shi: hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa, shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a Nijar a 2007 ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin manya biyar yana da hawan jini.

To, in ma'aikaci ya kamu, wa zai biya?

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana da rassa uku: kuɗin iyali, haɗarin aiki da cututtukan sana'a, sannan fansho. Lebura a masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki tun shekarun 1960, in inji ya ji masa rauni, asusun zai ɗauki nauyinsa. Amma in sukari ne ya kama shi, wannan ba ya cikin lissafin haɗarin aiki. Ma'aikacin gwamnati kuwa, hukuma tana ɗauke masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciya asibiti, watau taimakon yana zuwa bayan ciwo ya kayar da shi. Maganin kyauta da aka ƙaddamar a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da fiɗar haihuwa, da wasu cututtukan mata. Magidanci mai ciwon sukari ba ya ciki, alhali ciwon nan ba ya warkewa: maganinsa na kowane wata ne, har iyakar rai.

A ƙasashen Turai da Amurka gardamar ta koma kan sababbin allurai masu rage ƙiba. An amince da Wegovy a Amurka a 2021, kuma da ta shiga kasuwar Faransa a 2024, asusun lafiya na ƙasar bai ɗauki biyanta ba, mai so ya biya daga aljihunsa. In masu hali suna ja da baya, babu amfanin mu sa rai a can.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan arha nesa ba kusa ba, kuma doka ta riga ta tanade shi. Dokar aiki ta 2012 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya samar musu da hidimar lafiya a wurin aiki, ta kuma ce inda ma'aikata suka kai 10 a kafa kwamitin tsaro da lafiya. Akasari ana ɗaukar aikin kwamitin nan hular kwano ce da takalmi da ƙyallen rufe hanci. Waɗannan wajibi ne, musamman inda ƙura take. Amma me zai hana a ƙara sikeli, da igiyar awon ƙugu, da abin awon jini, da tsinken awon sukari sau ɗaya a shekara? A ganinmu ma'aikacin biro ne ma ya fi bukata, shi da ke fita gida bisa babur, ya wuni a kujera, ya sha shayi zagaye uku kowanne da sukarinsa, ya ci shinkafa da mai da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana. Shugaban ma'aikata da ya ware rabin awa don tattaki, bai taɓa kasafin kuɗinsa ba.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mata. A kasuwanni ana sayar da ƙwayoyin sa ƙiba ba tare da takardar likita ba, cikinsu har da Dexamethasone. Ƙwayar nan tana kumbura fuska da ciki, tana ɗaga sukari da jini, tana raunana ƙashi. Amarya ta biya kuɗi ta sayi cutar da babu asusun da zai biya maganinta.

Sai dai duk wannan bayani ya tsaya ga mai albashi, kuma masu albashi tsiraru ne a yankin. Manomin albasa na Galmi, da mai aiki a fadamar ban-ruwa ta Ƙonni, da ɗan tireda a kasuwar Badagishiri, ba su da ubangidan da doka za ta kama. In ciwo ya zo, sai a sayar da buhun albasa ko rago a nufi asibitin gunduma, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Su dai suna da ƙungiyoyin manoma da na ƴan kasuwa, masu taro da asusu da shugabanni. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin taki da na ruwa tana iya sayen abin awon jini guda, ta gayyato malamin asibiti ranar taronta, ya auna kowa kafin a watse.