Ƙugiya da Ɗigo: Yadda Ake Ƙera Rubutun Harshe

A lungunan Fagge ta Kano, yara kan juya Hausa su yi zaurance, su cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa don manya su kasa gane zancen. Ƙirƙirar harshe ke nan a matakin farko: zaɓen sauti da kafa masa doka. Wahalar tana farawa ne ranar da aka ce a rubuta.

Likitan ido Zamenhof, wanda ya fitar da ƙirƙirarren harshen Esperanto a Warso a 1887, ya warware tasa da ƙa'ida guda: kowane harafi da sautinsa ɗaya. Ya tsayar da haruffa 28, ya ɗora wa shida alama a ka.

Bokon Hausa ma zama aka yi aka tsara shi. Hanns Vischer, da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, ya buga ƙa'idojin rubutu a 1912. Sai dai haruffan Turawa ba su da gurbin sautin da ya raba "baki" da "baƙi". Wasu suka riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka rataya masa waƙafi. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake kula da aikin littattafan Hausa a Zariya, aka tsaya a kan ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shiga hannun jama'a daga 1939.

An kuma bar abubuwa biyu a waje, karin sauti da tsawon wasali. Shi ya sa garin da ake aunawa a mudu da garin da ake zama a cikinsa suke fitowa iri ɗaya a takarda, sai mai karatu ya rarrabe da kansa.

Tsallaka titi daga Fagge zuwa Sabon Gari, a allunan majami'u da littattafan waƙoƙinsu, za a ga wata dabarar. Yarabawa suna sa ɗigo a ƙarƙashin ẹ, ọ, ṣ, suna kuma nuna karin sauti a saman wasali. 'Yan ƙabilar Ibo, bisa tsarin Ọnwụ na 1961, suna da ị, ọ, ụ.

Yau abin damuwa shi ne waya, inda masu rubuta saƙo da yawa ke zubar da ƙugiya, alhali ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta Nijar duk suna cikin Unicode, tsarin haruffan da na'urori ke amfani da shi. Can a Gine, matasa biyu 'yan gida ɗaya, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙera wa Fulatanci haruffan Adlam a 1989, suka bi su har aka shigar da su Unicode a 2016.