M83: Ciwon Ƙashin Da Ba Ya Shiga Lissafi

Na yi aiki a ɗakin kati na wani asibiti a ƙasar Gumel, kuma abin da hannuna ya fi kwafa a gaban sunayen mata masu goyo shi ne ciwon baya, ciwon ƙugu, ciwon jiki. Sai ka ga an kawo mace a bayan mashin daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, haihuwarta biyar ko shida. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa gwiwa da hannu bibbiyu, in ta miƙe kuma tafiyar sai ta rinƙa rangaji. A danna mata ƙashin ƙauri ko haƙarƙari ta yi ƙara. A gida an ce sanyi ne, an sha jiƙe-jiƙe har an gaji. A asibiti a ba ta maganin kashe zafi ta koma.

Wasu daga cikin irin waɗannan mata laushin ƙashi ke damunsu. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, kuma sabon ba ya ƙwari sai da sinadarin kalsiyam da fosfet. Bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. In ɗayansu ya yi ƙaranci, ƙashin zai fito kamar bulon da aka rage wa siminti. A jikin yaro abin kan bayyana da gwame ko ƙafar baka, a jikin babba kuwa sai raɗaɗi da kasalar cinyoyi da tsagewar ƙashi ba tare da faɗuwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lamba, ana kiransa ICD. An amince da bugu na 10 a 1990, na 11 kuma ya fara aiki a Janairun 2022. A bugu na 10, laushin ƙashin manya shi ne M83, sannan lambar da ke bin ɗigo ta faɗi sanadi. M83.0 na mai jego ne, M83.1 na tsufa, M83.2 na wanda hanjinsa ba ya tsotsar abinci, M83.3 na rashin abinci mai gina jiki. M83.5 na wanda magani ya jawo wa, kamar masu farfaɗiya da suka daɗe suna shan fenobabital ko fenitoyin. In likita bai faɗi dalili ba, sai M83.9. Na yara daban yake, E55.0.

To, ina ruwan manomin Gagarawa da waɗannan lambobi? Ruwansa shi ne, da alƙaluman da asibitoci ke aikawa Dutse da Abuja ake tsara abin da za a saya da wanda za a horar. Ma'aikacin kati ba shi da hurumin ba da lambar cutar da likita bai rubuta ba. In an rubuta ciwon baya, M54 zai sa, shi ke nan laushin ƙashi ya ɓace daga lissafi, sai a ɗauka babu shi.

Wani zai ce ina ƙarancin bitamin D a Maigatari, inda rana ke dukan mutum har tsakar ka? Fata ba ta haɗa shi sai ranar ta taɓa ta, baƙar fata kuma ta fi buƙatar lokaci. Macen da ke wuni a ɗaki tana iya rasa shi. Amma ni na fi zargin tukunya. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos sun nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Tuwon gero da na dawa ba su da kalsiyam sosai, dusarsu ma tana ɗaure ɗan wanda ke akwai. Abin takaici, kowace Alhamis shanu ne maƙil a kasuwar Maigatari, ga riɗi ana loda shi a manyan motoci, amma mai ciki na iya yin mako ba ta kurɓi nono ba.

Gano cutar yana buƙatar gwajin jini da hoton ƙashin ƙugu, in ta kama a tura mutum asibitin ƙashi na Dala ko asibitin Malam Aminu Kano. Tana warkewa da ƙwayoyin bitamin D da kalsiyam cikin 'yan watanni. Daikulofenak ɗin da ake saye a kemis kuwa, in an daɗe ana sha, yana illata ciki da ƙoda, alhali ƙodar ce ke ƙarasa sarrafa bitamin D.

Maigida, in iyalinka ta haihu ta kasa tashi sai da dafawa, ka kai ta asibiti ka roƙi a yi mata gwajin jini, ka kuma tanadar mata nono da zogale da miyar kuka. Ku kuma likitocinmu, in kun gano cutar, don Allah ku rubuta sunanta da sanadinta a kati.