Zancen bindiga a rumfunan Katako: wa za a ba, wa za a hana?

Duk mai zama teburin masu shayi na kasuwar Katako a nan birnin Yamai ya san akwai wata gardama da ba ta mutuwa. Da zarar labari ya zo cewa an tare motocin ƴan cin kasuwa bisa hanya, ko kuwa an fasa shagon wani cikin dare an kwashe masa kaya, sai zancen ya sake tashi: shin lokaci bai yi ba da hukuma za ta bar ɗan kasuwa ya mallaki bindiga don ya kare ransa da dukiyarsa? Wasu su ce ya yi har ya wuce, wasu su ce Allah ya kiyaye, a yi ta ja har shayi ya huce. Mun ga ya dace mu baje wannan magana a faifai, domin ta shafi Alhaji mai sito cike da siminti, ta kuma shafi iyayenmu mata masu kasa kayan miya a bakin hanya.

Masu neman a sakar wa mutane mara ba shashashai ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Idan ba a manta ba, ranar 15 ga watan Maris na 2021 ƴan bindiga sun tare motocin da suka ɗauko mutane daga kasuwar mako ta Banibangu, cikin jahar Tillaberi, kuma a wannan rana an kashe mutum 58. Ba sojoji ba ne, ba ƴan siyasa ba ne, talakawa ne masu neman na tuwo kamar ni da kai. Kafin wannan, ranar 2 ga watan Janairu na shekarar, an kashe mutum wajen 100 a garuruwan Comabangu da Zarumdarai. A jahar Maradi kuwa, mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun sha ganin an kore musu shanu, an ɗauke maigida ko matarsa, sai an sayar da gona da bisashe an biya kuɗin fansa. To, in ji masu wannan ra'ayi, tun da ɓarawo bai nemi izinin kowa ba kafin ya rataya kalash, don me mai gaskiya kaɗai doka za ta ɗaure wa hannu? Suna ƙarawa da cewa malamai ma ba su hana mutum kare kansa da iyalinsa ba. Wanda aka taɓa kwantar da shi a kan kwalta aka zazzage masa aljihu, in ya faɗi haka, ba ka da bakin da za ka ce masa ƙarya yake.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: dokar Nijar ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Tun a 1963 akwai dokar da ta tsara shigo da makami, riƙe shi da sayar da shi, kuma mutum na iya neman takardar izinin riƙe bindigar farauta ko ƙaramar bindiga daga wajen hukumomin ma'aikatar cikin gida, bayan an binciki halinsa. Abin da aka haramta wa farar hula shi ne makamin yaƙi, kuma riƙe kowace irin bindiga ba tare da takarda ba laifi ne mai kai mutum gidan kaso. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga watan Yuni na 2006 ita ma haka ta bi: sai mutum ya kai shekaru, ba shi da tabon laifi, ya kawo dalili karɓaɓɓe, ya koyi riƙe makamin, ya nuna inda zai ajiye shi dabam da harsashi, sa'annan ya jira aƙalla kwana 21. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma ficewar ba ta shafe dokar cikin gida ba. Ke nan ainihin gardamar ba a kan bindigar farauta take ba. Wanda ke cewa a ba shi abin da zai tari ƴan ta'adda da shi, kalash yake nufi, ko da bai faɗa ba, domin kowa ya san adaka ko harbi-ruga ba ta tsayawa gaban mutum talatin bisa babura.

Ba yau ƙasar nan ta san bindiga ba. Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, har igwa maƙeransa suke zuba masa a Zinder. Amma ko a wancan zamani makaman na sarki ne da dakarunsa, ba na kowane mai rumfa ba. A zamaninmu kuma mun ga yadda aka sha wahala kafin a karɓe makaman da suka bazu lokacin tawayen arewa. A 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba, aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga watan Afrilu na 1995, amma sai ranar 25 ga watan Satumba na 2000, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka tara bindigogi fiye da dubu aka cinna musu wuta a Agadas. Shekara bakwai bayan haka wani tawayen ya sake ɓarkewa, sa'annan a 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe, hamada ta cika. Raba bindiga aikin wuni guda ne. Karɓo ta ne ke cin shekaru da kuɗi da rayuka.

Matasanmu masu kallon waya sukan kawo misalin Amurka, wai can kowa da tasa. Gaskiya ne tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami, kuma wata cibiyar bincike da ke Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindiga wajen 120 ga kowane mutum 100 a can, alhali a Nijar ba ta kai guda ɗaya ba ga mutum 100. To me wannan ya saya musu? A 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 suka mutu ta bakin bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu ba ɓarawo ya harbe su ba, su suka harbe kansu. Wannan lissafi ya kamata ya tsaya wa kowane ɗan kasuwa a rai, domin mun san abin da karayar jari ke yi wa mutum, mun san daren da mai bashi ke kwana bai runtsa ba.

Amma ba sai mun ƙetare teku ba, darasin yana nan maƙwabta. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su zo su cika takardun neman izinin riƙe bindiga, sai shugabannin tsaron Najeriya suka ce gwamna ba shi da wannan iko. Kafin duk wannan, ƴan sa-kai sun daɗe da ɗaukar makami a Zamfara da Sakkwato, kuma da niyyar kare garuruwansu suka fara. Inda abin ya lalace shi ne da suka zama su ne ɗan sanda, su ne alƙali, su ne hauni. Kuma ina aka fi zubar da jinin? A kasuwa. A watan Oktoba na 2021 ƴan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande da ke ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani 11. Ba a rufa sati biyu ba ƴan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, mutum fiye da 40 suka mutu, kuma da dama sun ɗauki harin a matsayin ramuwa. Mai tumatir da mai ƙuli-ƙuli da suka faɗi a Goronyo ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Bayan kashe-kashen farkon 2021 mutanen Banibangu suka kafa ƙungiyar sa-ido ta kare kai, kuma babu mai zarginsu da yin haka. Ranar 2 ga watan Nuwamba na 2021 suka fita bisa babura neman maharan, magajin garin na gaba, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi magajin garin. Da shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazum, ya je ta'aziyya, ya nuna ya fahimci fushinsu, amma ya roƙe su da su bar wa soja aikin soja. Wasu sun ji zafin maganar, suna cewa ina sojan yake ranar da aka kashe mu? Tambaya ce mai kyau, kuma duk gwamnatin da ta hana talaka makami ta ɗaukar wa kanta bashin amsa ta. Sai dai jaruntakar mutum 69 ba ta hana su zama gawa ba, domin bindiga ba ta zuwa da horo, ba ta zuwa da labarin inda abokin gaba ya ɓuya.

Yanzu mu dawo Katako, tun da a nan muke ci muke sha. Mu dubi kasuwar da idon basira: katako jibge har sama, tsofaffin tayoyi, fenti, buhunan hatsi, wutar maƙera da masu zuba tukwane, amalanke da masu baro suna kutsawa ta lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai sun karkata. Idan ɓarawo ya fizgi jaka a nan, Alhaji ya zaro bindiga ya harba, wa harsashin zai samu? Mai yiwuwa yaron shagon maƙwabcinsa, ko almajiri, ko mai tallar fura. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa ake cacar baki a wuni kan bashi, kan iyakar rumfa, kan an janye wa wani mai saye? Yau iyakarta zagi da cin kwala, dattawa su raba, gobe a gaisa a masallaci. In akwai ƙarfe ƙarƙashin tebur, rabon ba zai zo da wuri ba. Ƙari a kan haka, shagon da aka san akwai bindiga a ciki ya ƙara daraja wajen ɓarawo, domin ita kanta haja ce mai tsada, kuma mai fashin da ke zaton kana da ita ba zai tsaya cewa kawo kuɗi ba, harbi zai fara. (Abin da ya fi cinye dukiyar ƴan kasuwar Yamai ma ba ɗan fashi ba ne, gobara ce: Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012, Katako kanta ta sha wuta ba sau ɗaya ba. Wannan ɓarawon ba a harbinsa.)

Iyayenmu mata ba a cika tambayarsu ba a wannan gardama, alhali su ne za su kwana ɗaki guda da abin. Maigida zai fita kasuwa ya bar ta ƙarƙashin katifa, a gidan da ke da yara goma masu binciken ko'ina, da samari masu zafin kai, wani lokaci da kishi a tsakar gida. Ita Hajiya da ke zuwa Balleyara ran Lahadi sarin kaya ba za ta rataya bindiga ba ko an ba ta kyauta. Abin da take so shi ne ta je lafiya ta dawo lafiya, kuɗin adashinta kuma kada su salwanta.

A nan ne muke ganin bakin zaren yake. Ɗan fashin hanya tsabar kuɗi yake bi. Shekarun baya dole ɗan kasuwa ya ɗaura miliyoyin sefa a ƙugu zuwa Maradi ko Konni, yau kuwa akwai Nita da Al Izza da Amana da bankuna, ka zuba a Yamai ka karɓa can, ladan aikawa bai kai kuɗin likita ba. Har yanzu akwai masu ƙyashin biyan ƴan jikunan nan, su gwammace su cusa kuɗi cikin buhun gero, yaran tasha kuma na kallo. Shi mai tare hanya sau da yawa daga cikin kasuwa ake ba shi labarin wanda ya saida kaya da motar da ya shiga. Kama baki da rage nuna kuɗi a bainar jama'a sun fi ƙaramar bindiga tsare mutum.

Wannan bai wanke hukuma ba. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 kayanmu suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja, kuma duk da rakiyar an kai wa motoci hari, direbobi sun rasa rayukansu, kuɗin dako ya hau, farashin ya sauka kan mai saye a Katako. Ƴan kasuwa suna biyan patanti, suna biyan kuɗin duwan, suna biyan tikitin kasuwa kullum. Suna da haƙƙin shugabannin ƙungiyoyinsu su zauna da magajin gari da kwamishinan ƴan sanda su nemi abin da ake gani da ido: fitilu cikin lungunan kasuwa, masu gadi sanannu da ke da suna a rubuce, hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga, sintirin jandarmomi ranakun kasuwannin mako, da lambar da in an kira za a ɗauka. Wanda kuma ya san yana da makami a gida ba takarda, ko na gado ne ko na tsaraba daga arewa, ofishin CNCCAI na nan Yamai, kuma karɓar irin waɗannan makamai na cikin aikin da aka kafa shi dominsa tun 1994.