Durɓi ta Kusheyi: Kaburburan da Tsoro Ya Yi Wa Gadi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kankiya da Kusada ya san hukuncin tsohuwar kushewa. Ba a ratsa ta da tsakar rana, ba a bi ta gefenta bayan magariba, yaro kuma ba ya hawa kukar da ke tsaye a kanta. Tsofaffi kan ce fatalwa na fitowa cikin farin likkafani, kuka da tsamiya kuwa gidan iskoki ne. Da yawa daga cikinmu mun girma mun ɗauki wannan a matsayin abin tsoratar da yara. To ga labarin wata maƙabartar sarakuna da irin wannan tsoron ya tsare shekaru ɗaruruwa.

Arewa da mu, a ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, akwai wasu tuddai guda takwas da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Mutanen wurin sun gada daga kakanni cewa nan aka binne Durɓawa, gidan da ya mulki ƙasar Katsina tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya kayar a kokawa ya kashe shi ya hau gadon sarauta. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina, ya nuna cewa ƙarfin Durɓawa ya jingina ne da girmama kakanni a waɗannan kusheyi. Musulunci ya zo ya kafu, sarauta ta koma wasu gidaje, amma manomi bai sa garma a kan tuddan ba. Ya gwammace ya kewaye su, ya bar masu barci da barcinsu.

A shekarar 1907 ne aka fara taɓa su. Baturen mulki Palmer, mai son tone-tonen tarihi, ya nemi a buɗe, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuma ya ba da goyon baya. Shi kansa Dikko sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin a naɗa shi sarki a 1906, wato sunan da ke kan kusheyin shi ne sunan da ya sha amsawa. Aka tona, aka fito da abin da aka samu, amma kayan wannan tono na farko sun salwanta. Abin da ƙasa ta adana shekaru aru-aru, hannun mutane ya kasa riƙe shi.

Sai a 1992 aka sake komawa, wannan karon masana daga Jamus tare da hukumomin tarihi na Najeriya. Suka buɗe tuddai uku. A tsakiyar kowanne mutum ɗaya ne kwance, an rufe shi da kayansa. An samu wuri, da duwatsun ado, da hauren giwa, da kayan zinariya, har da kwanon ƙarfe wanda aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus domin gyara da bincike, daga baya aka dawo da su gida. Binciken ya nuna an yi waɗannan binne-binne ne tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16.

Ka tsaya ka yi tunani. Wuri daga teku yake fitowa, kwanon ya ƙetare hamada a bayan raƙumi, ga su kuma a kabarin wani Bakatsine tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar Hausa. Babu fatalwar da ta fito daga ramin. Abin da ya fito shi ne shaidar cewa kakanninmu suna ciniki da duniya, kuma maganar da tsofaffin Mani suka riƙe da baki, cewa manya ne ke kwance a nan, gaskiya ce.

Abin da ke damuna shi ne ƙananan kusheyinmu na yau. Kusan kowace tsohuwar unguwa tana da maƙabartar gida, a bayan danga ko a gindin dutse, inda aka sa kaka da kakan kaka. Yanzu tsoron fatalwa ya ragu, amma girmamawa ba ta maye gurbinsa ba. Gona na cin gefensu, masu bulo na ɗiban ƙasa, zaizayar damina na buɗe kaburbura. Addininmu bai ce mu ji tsoron matattu ba. Ya ce mu ziyarce su, mu yi musu sallama da addu'a, kada mu zauna a kan kabari.

Don haka ina roƙon masu unguwanni da dattawan Kankiya da Kusada: a kewaye waɗannan kusheyi ko da da ƙaya ce, a cike inda ruwa ya ci, a zaunar da tsofaffi su faɗi sunayen waɗanda ke ciki a rubuta tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan.