Abincin dare cikin kasko guda

A gidaje da yawa na birane, lokacin girkin dare gajere ne. Uwa ta taso daga wurin aiki ko daga kasuwa da marece, yara sun dawo daga lakkwal, kowa da yunwa, ga magariba ta gabato. Tuwo da miya kuwa ba su son gaggawa. Sai an aza tukunya biyu, an jira ruwa ya tafasa, an yi talge, an tuƙa, an bar tuwo ya turara, miya ita ma tana cin nata lokaci. Aikin yakan kai sa'a biyu, ya cinye itace mai yawa. A irin waɗannan ranaku na aiki, wasu gidaje sukan yi wani girki mai sauri: margez da kayan lambu, duka cikin kasko guda, bisa wuta guda. Rabin sa'a da ƴan mintoci sun isa.

Margez nama ne niƙaƙƙe da aka ɗura cikin hanjin rago. Asalinsa daga ƙasashen arewacin Afirka ne, wato Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Mahauci yakan niƙa naman sa ko na rago tare da kitse, ya zuba gishiri da tonka da tafarnuwa da sauran kayan yaji, ya cakuɗa. Sa'an nan ya wanke hanji fes, ya ɗura naman a ciki, ya murɗa shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ɗara yatsa tsawo. Jan da ake gani jikinsa na tonka ne da tattasai. Ana samun margez wajen mahautan Yamai da na wasu manyan garuruwa. Irin wannan nama na cikin hanji, sunansa na gaba ɗaya sosis. Wasu sosis da ake kawowa daga Turai da naman alade ake yin su, saboda haka mai saye yakan tambaya, ko ya karanta abin da aka rubuta jikin takarda. Ga amfanin iya karatu tun a bakin kanti.

Kayan lambu kuwa ƙasa ta wadata da su, musamman da sanyi, daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Albasar Galmi, wadda ake nomawa tsakanin Ƙonni da Madawa, ta yi suna har Gana da Kodibuwar. Jan tattasai yana fitowa daga Difa, bakin kogin Komadugu. Dankalin turawa, wanda ake kira kwambitar, ana noma shi a Bonkuku da lambunan duwatsun Ayar. Garkunan Jiratawa kusa da Maraɗi, da na Mirya kusa da Damagaram, suna ba da karoti da tumatir da kabeji, wato shu. Noman rani ya ƙara yaɗuwa ne bayan farin shekarar 1984, sa'ad da hukuma ta kira jama'a su koma fadamu da bakin tabkuna don cike giɓin hatsi.

Don ciyar da mutum biyar, ana bukatar margez rabin kilo, kwambitar matsakaita guda 5, karoti 3, albasa 2, ɗanyen tattasai 2, tumatir 3, da rabin ƙaramin shu. Sai man gyaɗa cokali 2, ruwa rabin kofi, tafarnuwa da gishiri kaɗan. Kaskon ya zama mai faɗi, mai kaurin gindi, kuma mai marufi. Idan babu, tukunyar dalma mai faɗin baki tana yi.

Kafin a kunna wuta, sai an gama wanki da yanka. Wannan girki ba ya jira. Wadda ta aza kasko sa'an nan ta tafi neman wuƙa, za ta dawo ta tarar da mai ya ƙone. Ana wanke hannu da sabulu, a wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta tun ba a yanka su ba, domin ba kowane lambu ake ba ruwa mai kyau ba. Bayan wanki a bar su su tsane cikin matsami ko gwagwa.

Yanka yana da ƙa'ida. Zafi yana shiga abinci daga waje ne, ya ratsa sannu a hankali har ya kai tsakiya. Babban yanki yana daɗewa bai nuna ba, ƙarami kuwa nan da nan. Idan an haɗa manya da ƙanana cikin kasko, ƙananan za su dame tun manyan suna ɗanye. Saboda haka ana yanka kwambitar daidai wa daida, kowane yanki kamar santimita 2, girman kan babban yatsa. Karoti ya fi kwambitar tauri, sai a yanka shi siriri, zagaye-zagaye. Shu da tattasai ana yi musu manyan yanka, gama ba su da wuyar nuna. Margez kuwa ana barinsa yadda yake, kuma ba a aza shi bisa faranti ɗaya da kayan lambu.

Asirin girkin duka yana cikin jeri: wane ne zai fara shiga kasko, wane ne zai biyo baya. Kasko ɗaya ne, wuta ɗaya ce, amma kowane abu da lokacin nunarsa. Mai tauri yana riga mai laushi shiga. Wanda ya zuba kome lokaci guda, zai sami tumatir ya zama ruwa, shu ya yi laƙwas, kwambitar kuwa yana nan garas-garas.

Margez ne ke buɗe hanya. A zuba mai cikin kasko, a bari ya yi zafi, a jera margez ba tare da an ɗora wani bisa wani ba. Ana juya shi da cokali, kamar minti 6, har kowane gefe ya soyu. Yana soyuwa kitsensa yana narkewa, yana fitowa ja, ɗauke da ƙanshin tonka da tafarnuwa. Shi ya sa cokali biyu na mai suka isa, kuma shi ya sa nama ke fara shiga: wannan jan man ne zai ba kayan lambu ɗanɗano. Idan ya soyu, a kwashe shi cikin kwano mai tsabta, a rufe. A wannan lokaci bayansa ne kawai ya soyu, cikinsa bai gama nuna ba. Zai koma wuta daga baya.

Sai albasa. Minti 3 sun ishe ta ta yi laushi, ta soma ja. A nan ake zuba kwambitar da karoti, a juya su cikin mai na ɗan lokaci. Ga dalilin da ya sa aka ce kayan lambu su tsane: ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa yana kai digiri 170 ko fiye. Ɗigon ruwa da ya faɗa cikin irin wannan mai, nan take yake zama tururi, ya fashe, ya watso mai ga hannu ko fuska. Bayan kwambitar ya sha mai, zafin kasko ya ragu, sai a tsiyaya rabin kofin ruwa ta gefe, a barbaɗa gishiri kaɗan, a rufe, a rage wuta.

Marufi yana da babban aiki. Ruwan nan kaɗan yana zama tururi, marufi ya tsare shi, tururin ya kewaye kowane yanki, har wanda bai taɓa gindin kasko ba. Idan babu marufi, tururi ya tashi sama, zafi ya tafi da shi, sai a ƙara itace a banza. Duk buɗewa ɗaya asarar zafi ce. Mai yawan leƙa kasko girkinta ne ke daɗewa. A bar shi rufe minti 12 zuwa 15, a buɗe sau ɗaya ko sau biyu kawai don juyawa. Ana gane kwambitar ya kusa nuna idan bakin wuƙa ya shige shi ba da ƙarfi ba.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. A zuba shu da tattasai, a juya, a rufe minti 5. Sa'an nan a yanka margez gida biyu ko uku, a mai da shi cikin kasko tare da ruwan da ya tsatso a kwano, a zuba tumatir da dakakkiyar tafarnuwa, a sake rufewa minti 5. Ba a ƙara gishiri sai an ɗanɗana, gama margez ya zo da nasa, kuma ba kaɗan ba.

Kafin a sauke, akwai dubawa ɗaya da ba a tsallakewa. A ɗauki yanki mafi kauri, a tsaga shi, a duba tsakiyarsa. Launi kaɗai ba ya isa shaida, tun da tonka ta riga ta rina naman ja. Abin dubawa shi ne: tsakiyar ta yi tauri kamar gefe, tana fid da tururi, babu sauran ɗanyen nama mai santsi. Masana sun ce niƙaƙƙen nama sai zafin cikinsa ya kai kamar digiri 70. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. A tsokar nama, yawancinsu bisa baya suke zama, wuta tana taɓa su sun mutu. Amma idan an niƙa nama, na baya sun shige ciki, sun bazu ko'ina. Cikin zafi irin na bazara, wasu ƙwayoyin suna iya ninka yawansu kowane minti 20. Margez da aka saya da safe aka bari cikin leda har dare, ba firigo, ya zama abin tsoro ko da bai yi wari ba. Yana kawo ciwon ciki da amai da zawo, kuma zawo ya fi yi wa ƙananan yara illa. Don haka ana sayen margez ranar da za a dafa shi, kusa da lokacin girki, wajen mahauci mai rufe namansa daga ƙuda. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen nama, sai an wanke su da sabulu kafin su taɓa wani abinci.

Wuta ma tana son kula. Mariƙin kasko ba ya fuskantar hanyar da yara ke bi. Idan mai ya kama wuta, ba a zuba masa ruwa ko kaɗan, domin ruwa yana watsa wutar ne. A aza marufi, a janye itace ko a kashe gaz. Wutar da ba ta samun iska mutuwa take yi.

Girkin kasko guda yana rage cin itace, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da hamada ke matsowa. Itacen da ake ƙonawa a birni daga daji mai nisa ake kawo shi, da kuɗi ake sayensa. Murhun duwatsu uku yana barin yawancin zafi ya fice ta gefe. Shi ya sa a shekarun 1980 aka soma yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda ke kewaye gindin tukunya ya tsare wuta daga iska. Wuta guda ta rabin sa'a bisa irin wannan murhu, ƴan ƙiraruwa take ci.

Jiki ma yana samun rabonsa. Nama yana gina jiki, kwambitar da mai suna ba da ƙarfi. Karoti yana ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai kare ido daga dundumi, kuma jiki ya fi karɓarsa idan an ci shi da mai. Tattasai da shu da tumatir suna da bitamin C, wanda doguwar dahuwa ke lalatawa, wani kuma ya narke cikin ruwan da ake zubarwa. A nan ba su daɗe bisa wuta ba, ba a kuma zubar da ruwa ba. Sai dai margez yana da kitse da gishiri da yawa, ga tsada. Ba abincin kullum ba ne, kuma kasko mai kyau shi ne wanda kayan lambu suka fi nama yawa a cikinsa.

Inda babu margez, girkin bai ɓaci ba. A ƙauye ko a ƙaramin gari ana iya sa balangu ko tsire, a zuba su a ƙarshe tun da sun riga sun gasu. Ana iya sa soyayyar awara, ko kifin gwangwani, ko a fasa ƙwai uku bisa kayan lambu a rufe har su daskare. Da damina, sa'ad da shu da karoti suka yi wuya, dankali da kabewa suna maye gurbin kwambitar, yalo da kuɓewa su biyo baya, ganyen alayyahu ya shiga daga ƙarshe. Jerin dai bai sake ba.

Ana cin wannan abinci da zafinsa, da burodi, ko da shinkafar da ta rage ta rana idan an ɗumama ta sosai. Ana dafa daidai abin da za a cinye a daren, domin ba ya kwana sai cikin firigo. Da an kwashe, a zuba ruwa cikin kasko tun yana da ɗumi, abin da ya kama gindi ya jiƙa kafin a gama cin abinci.